Ni da batiran motocin golf a Birnin Kebbi

Ranar da aka fara kawo mini motar golf, wato 'yar ƙaramar motar nan mai tafiya da batir da aka yi don filin wasan golf, a bayan a-kori-kura aka ɗauko ta kamar mara lafiyan da za a kai asibiti. Ta wani Alhaji ce mai gidan gona a hanyar Kalgo, yana zagaya lambunsa da ita tun da gwiwa ta fara ba shi matsala. Yaron da ya rako ta ya ce, "Oga, Alhaji ya ce batir ya mutu, a sa sabo." Na ɗaga kujera na ga batira shida, kowanne mai bolt 8, an jera su a jone, wato bolt 48 ke nan. Ko shekara ba su cika ba. Na ce masa ya koma ya kawo mini cajar. Ya yi ta mamaki, shi a ganinsa ina ruwan caja da mutuwar batir. Da ya dawo, abin da ya miƙo mini ɗan ƙaramin akwatin roba ne irin na cajin babur mai lantarki, wanda ba ya wuce amfiya uku. Na gane wanda ya yi kisan tun kafin in taɓa mita.

A nan garin ba wanda ya san wani golf, amma motocin sun shigo. Za ka gan su a otal, a manyan gidaje, a gonaki, da wuraren biki inda ake ɗauko amarya daga bakin ƙofa. In bikin kamun kifi na Argungu ya matso kuwa, masu masauki sai su tuna da nasu da suka yi wata da watanni a ajiye, wayata ta dinga ƙara har dare. Yawancinsu ƙirar kamfanin Club Car ne ko E-Z-GO ko Yamaha, kuma kusan duka an yi amfani da su a Amurka kafin su iso mana. Wannan asalin nasu shi ne mafarin rabin wahalar da nake warwarewa.

Ni da batir mun daɗe. A Jega na koya, wajen maigidana, Allah ya jiƙan shi, zamanin da mutanen ƙauye ke ɗauro batirin mota a bayan keke ranar kasuwa a yi masu caji su koma su kunna talabijin. Shago ne mai warin asid, ba rigata ɗaya da ba ta huje ba. Shekarata ta farko ban taɓa waya ba, ruwa kawai nake zubawa ina goge kan batir. Wata rana na cika wani batir fal kafin a ɗora shi a caji, ina ganin na yi abin kirki. Da ya ɗauki zafi ya yi ta amai, asid ya bi teburi ya cinye tabarmar sallar maigida. Bai doke ni ba. Cewa ya yi, "Ɗiyana, wanga abu numfashi shikai. In ka cika mai ciki kahin ya ci wuta, ina kaka son ya sa ta?" Har yau da wannan maganar nake koya wa yarana: a yi caji tukuna, sannan a ƙara ruwa. Sai fa in farantan darmar da ke cikin batir sun fito fili, to nan a zuba ɗan abin da zai rufe su kawai, sauran bayan an gama. Kuma ruwan batir na gaskiya, tatacce. Ba na rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba, don abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid ɗin yana nan.

Batirin motar golf ba irin na mota ba ne, ko da sun yi kama. Na mota aikinsa ya ba da wuta da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tada inji. Wannan kuwa farantansa masu kauri ne, an yi shi ya yi ta bayarwa a hankali wuni guda. Ɗauki Trojan T-875, wanda na fi gani a motoci masu bolt 48: bolt 8 ne, yana riƙe amfiya-awa 170, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa. T-105 kuma bolt 6 ne, amfiya-awa 225, shida daga cikinsu ke ba da bolt 36 na tsofaffin motoci. Kamfanin da ke yin su ya ce a yi caji da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari na wannan adadi. Ka ga T-875 yana neman amfiya 17 zuwa 22 ke nan. To ka dubi cajar amfiya uku da aka ba Alhaji. Ko ta kwana biyu a jone ba za ta ƙosar da su ba, kuma ba wanda zai jira kwana biyu. Kullum da safe yara na cire ta da rabin ciki. Batirin da ke zama da yunwa haka, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantansa, kuma in ya yi tauri ba cajar da za ta narkar da shi.

Na gaya wa Alhaji haka da ya zo da kansa. Ya ce, "Malam, ai mai shagon ya ce min 48 ce, ga shi a rubuce." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, 48 ce. Amma da cokalin shayi ake ba raƙuminka ruwa." Ya yi dariya, sannan da na faɗi kuɗin caja ta ƙwarai dariyar ta ɗauke.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan a sana'ar nan. Mutum zai sayi mota da batira na maƙudan kuɗi bai ce uffan ba, amma a kan caja zai zauna ya yi ta ciniki kamar ana sayar da albasa a kasuwar Aliero. Ga kuma 'yan jabu sun cika gari. Za ka ga akwati an rubuta masa amfiya 20 da manyan baƙaƙe, ka ɗora mita ka ga shida ko bakwai. Har batir ma ana yi wa haka, a wanke tsoho a manna masa sabuwar takarda. Ni yanzu sikeli na ajiye a bakin shago. T-105 na gaske ya kai kilo 28, saboda darma ce a ciki. Wani dillali da na yi shekara ina hulɗa da shi ya taɓa turo mini guda goma sha biyu, na ɗaga ɗaya da hannu na ji bai kai ba. Na mayar masa, muka yi wata uku muna ja-in-ja a waya, daga nan na rufe wannan ƙofar.

In mutum ya zo neman caja, kafin in buɗe kwali sai na ga motar da idona. Ina ƙirga batira in tabbatar 36 ce ko 48, don ba a haɗa su. Ina duba bakin soket, saboda kowane kamfani da nasa: na Club Car zagayayye ne mai ƙafa uku, na E-Z-GO RXV mai kusurwa uku ne, tsohuwar TXT mai bolt 36 kuma nata kamar harafin D. Wasu tsofaffin Club Car ma suna da 'yar kwamfuta a ciki wadda ita ke ba caja umarnin tashi da tsayawa, in ta lalace sai a yi ta zagin caja alhali lafiyarta ƙalau. Sai babbar magana, wato wutar da cajar ke ci. Cajar da ta biyo mota daga Amurka, mai nauyin nan kamar dutsen niƙa, an yi ta ne don bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce, bugu 50. Wanda ya cusa ta a bango kai tsaye zai sha hayaƙi. Wanda ya yi dabara ya sa tiransifoma ya rage ƙarfin wutar, ya gyara abu ɗaya ya bar ɗaya, don bugun bai canja ba, kuma irin waɗannan tsofaffin cajoji da bugun suke daidaita abin da suke fitarwa. Shi ya sa nake sa wa mutane na zamani masu karɓar wuta mai faɗi. Delta-Q QuiQ, misali, tana aiki daga bolt 85 har 265, kuma ba ruwanta da 50 ko 60. A garin da wuta kan yi ƙasa da magariba ta dawo da ƙarfi tsakar dare, wannan ba ƙawa ba ce. Mai janareta kuma ya sani cajar motar 48 tana jan kusan kilowat guda ko fiye, ɗan ƙaramin nan na fanka da talabijin ba zai ɗauka ba.

Sai zafi, wanda mai sayarwa a can kudu ba zai taɓa kawo maka zancensa ba. Lissafin da ke cikin littafin batir an yi shi ne a kan zafin digiri 25. A haka motar 48 tana hawa har wajen bolt 59 a ƙarshen caji. Amma ƙa'ida ita ce duk ɗigon zafi ɗaya da ya ƙaru, a rage bolt 0.005 a kowane sel, wato kowane ɗaki na cikin batir. Sel 24 ne a motar. A watan Afrilu a Birnin Kebbi, da zafi ke kai 40 har ya wuce, kusan bolt biyu ke nan ya kamata a sauke. Cajar da ba ta da na'urar jin zafi ba ta san bazara ba, dafa batir za ta yi ta yi, ruwa na ƙafewa, kan batir na cin tsatsa. Ni ina maƙala wayar jin zafin a jikin batirin tsakiya, inda iska ba ta kaiwa. Kuma ina hana caji da rana tsaka bayan mota ta dawo aiki tana huci. A bar ta ta huce a inuwa, a jona da dare, a ɗaga kujera iska ta shiga. Iskar da batir ke fitarwa lokacin caji mai kama wuta ce. Na taɓa korar wani maigadi da ya zo leƙa ramin batir da ashana, har yau in mun haɗu sai ya sunkuyar da kai.

Masu sauyawa zuwa batirin litiyam suna ƙaruwa, kuma ba na hana su. Ba ya buƙatar ruwa, ba shi da nauyi. Amma cajarsa daban ce. Na motar 48 sel 16 ne, bolt 51.2, yana tsayawa a 58.4, kuma ba a yi masa cajin daidaito mai ƙarfin nan da ake yi wa na ruwa lokaci-lokaci. Wanda ya sayi litiyam ya ce zai ci gaba da tsohuwar caja don rage kuɗi, ni ba da hannuna ba.

Duk motar da ta fita daga shagona, sai na bar ta ta huta awoyi bayan caji na auna. In 48 ce ina son ganin wajen 50.9, in 36 ce 38.2. Sannan in bi sel-sel da ma'aunin nauyin ruwan batir, lafiyayye yana nuna kusan 1.277, kuma wanda ya yi nisa da 'yan'uwansa shi ne zai ja sauran ƙasa. Ina rubuta lambobin a kati in liƙa ƙarƙashin kujera, tare da gargaɗi ga yaran gida: a jona ta duk ranar da aka hau, kada a jira ta tsaya a hanya, kada a cire sai caja ta kashe kanta. In an bari cajinta ya yi ƙasa sosai ma, cajar zamani ba za ta tashi ba, sai an kawo mini na farfaɗo da batiran ɗaya bayan ɗaya.

Na Alhaji dai huɗu na ceto, biyu sun riga sun tafi. Na ba shi shawara ya canja duka shidan, don sabo cikin tsofaffi saurin tsufa yake. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Bayan sati ya aiko da kuɗin caja da na batira shida, da buhun mangwaro daga lambun. Huɗun da na ceto suna bayan shago yanzu, su ke riƙe mana fitila da fanka in an ɗauke wuta.