Tarihin Kakarmu Daga Bakin Gwaggonnina

A wannan hutun na zauna da gwaggonnina a Garwa ina tambayarsu labarin kakarmu, Allah ya jiƙanta, domin na daɗe da lura cewa idan ana lissafa asalin gidanmu, maza kaɗai ake ambata. A Marwa aka haife ta, 'yar wani bafataken goro wanda iyayensa suka taso daga ƙasar Kano, aka kawo ta Garwa aure tun kafin Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960, zamanin da jiragen ruwa ke hawowa kogin Binuwai da damina suna kwasar auduga da gyaɗa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shekarun da kakanmu ya koma neman kuɗi Ngaundere bayan jirgin ƙasa ya iso can a 1974. Tana cikin kulle, amma da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta riƙe gida, har da marayun kishiyarta, waɗanda sai yanzu na san ba ita ta haife su ba. Ba ta jin Faransanci ko kaɗan, sai Hausa da Fillanci, duk da haka ita ce ta tsaya sai da aka sa 'ya'yanta mata a boko, bayan sun sauke Alƙur'ani.