Da Sauƙi

Jiya da daddare Baba ya turo min saƙon murya ta WhatsApp. Gaisuwa ce kawai da sa albarka, ba ta fi minti ɗaya ba, amma na ƙirga tari huɗu a ciki. Na kira shi na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na ajiye wayar na zauna a bakin gado, barci bai zo ba har asuba. Kalmar nan ce ta jawo min kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da na tako ƙasar Ingila, kuma har yau in na ji ta sai gabana ya faɗi.

Na sauka a Birmingham a watan Oktoban 2019 da akwati biyu, ɗaya kusan rabinsa kuka ce da daddawa da yajin da Umma ta daka min. Shekara tara na yi ina aikin nas a Kano kafin na taho. A Janairu na ci jarrabawarsu ta gwajin aiki, na ɗauki hoton takardar na tura gida, Baba ya sa aka soya waina aka yi sadaka. Ban gama sanin lambobin motocin bas ba Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya fito a talabijin ranar 23 ga Maris 2020 ya ce kowa ya zauna a gida saboda annobar korona. A kwanakin ne kuma Najeriya ta rufe filayen jiragenta. Ga ni nan dai, gaba korona, baya babu hanya.

Daga ɗakin 'yan tiyata aka kwashe mu aka kai ɗakin masu tsananin jinya, irin wanda a gida muke kira gobe-da-nisa. A ƙa'idarsu nas ɗaya majinyaci ɗaya ne a can. A lokacin sai ka ga ƙwararriya ɗaya tana lura da mutum huɗu, mu sababbi muna kama mata. Awa goma sha biyu cikin rigar leda, takunkumi yana yanka min karan hanci, an rubuta sunana da alƙalami a ƙirji don ba wanda ke gane fuskar wani.

Cikin sati biyu na fara gane waɗanda ba za su daɗe ba, tun kafin likita ya buɗe baki. Maza sun fi yawa, kusan bakwai cikin goma. In aka turo dattijo ɗan sama da sittin, mai teɓa, aka ce yana da ciwon suga da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko dama ƙodarsa ba ta da ƙarfi, sai mu kalli juna ta saman takunkumi. Daga nan ido yana kan abubuwa kaɗan. Na'urar numfashi tana ba shi oksijin har ƙarshen ma'auninta amma jininsa bai ɗauka ba. Fitsarin da ke taruwa a jaka ya fara raguwa, alamar ƙoda ta fara sakin aiki, an fara zancen wankin ƙoda. Ana ƙara masa allurar da ke riƙe bugun jini kada ya faɗi. Gwaji ya nuna jinin yana daskarewa a jijiyoyi, ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta kuma sun yi ƙasa. Idan uku daga cikin waɗannan suka haɗu a kwana biyun farko, da wuya mutum ya kai sati. Mukan taru mu shida ko bakwai mu kifa shi rub da ciki na awa goma sha shida don huhunsa ya buɗe, wani ya amsa, wani bai amsa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu zuwa a makare. Cutar tana cinye iskar jikin mutum a ɓoye, yana zaune yana hira, ma'auni na nuna 75 a inda lafiyayye ke da 95 zuwa sama.

Haka aka kawo wani Alhaji a tsakiyar Afrilu. Direban tasi ne, shekararsa 64, suga da hawan jini da ƙiba duk ya haɗa, kuma kwana tara ya yi a gida yana shan ruwan zafi da citta. Kafin a sa masa na'ura na ji yana cewa, "Wayyo Allah, kirji na." Na tsaya cak. Wata shida ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba. Na sunkuya na ce, "Sannu Baba, Allah ya sawwaƙe." Ya damƙe hannuna ta cikin safar roba. Ashe ɗan Zangon Kumasi ne, ya fi shekara talatin a Ingila.

Ba a barin 'yan uwa su shigo, sai waya. Washegari matarsa ta kira, aka ce tunda ina jin yarensu in yi mata magana. Muka gaisa da Hausarsu ta Zango, ta ce min ɗiyata, ta tambayi garinmu. Sannan ta ce, "Ya jikin Alhaji?" Bakina ya riga tunanina, na ce, "Da sauƙi, Hajiya, a ci gaba da addu'a." A lokacin fitsarinsa ya riga ya ɗauke. Daren kwana na uku ya cika.

Hajiya ta san abin da na faɗa. Ita ma da ni ce na tambaye ta, abin da za ta ce ke nan. Amma 'yarsu, haifaffiyar nan, tana gefe ta tambayi uwar me nas ta ce, aka juya mata da Turanci cewa yana samun lafiya. Ta kira dangi ta ba su albishir. Da aka yi rasuwar sai ta shigar da ƙorafi cewa asibiti ya yaudare su. Babbar sista ta kira ni ofis, ga wata daga ɓangaren ma'aikata tana rubutu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi min tsawa da ya fi min sauƙin ɗauka. A hankali ta ce a nan ba a ba iyali fatan da babu shi, ana faɗa musu gaskiya don su samu su yi bankwana. Na buɗe baki in yi bayani, Turancin ya gudu. Ta yaya zan fahimtar da ita cewa a wurinmu ko mutum na kan gargara haka ake amsawa, cewa ladabi ne ga Ubangiji da tausayi ga mai tambaya? Aka rubuta a takardata cewa ina buƙatar horo kan magana da iyalai. Ni da na shekara tara ina riƙe hannun mata a lokacin da ake gaya musu mazansu sun rasu.

Har yau abin yana ci na, ta fuska biyu. Ina jin an yi min rashin adalci, don ba wanda ya tambaye ni ma'anar kalmar kafin a rubuta. Kuma ina jin yarinyar tana da gaskiya. Da na ce mata jikin ya tsananta, da wataƙila ta roƙa an kara wa mahaifinta waya a kunne ta ce ya yafe mata.

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas maƙwabta kan fito ƙofar gida suna tafa wa ma'aikatan lafiya, wasu har da buga tukwane. Wata tsohuwar Baturiya da ke kallon gidanmu takan nuna ni da hannu tana tafawa, kuma wallahi nakan ji kaina ya yi girma. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe a ƙasar nan har da namu, Dokta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, wanda ya yi ritaya amma bai bar duba marasa lafiya ba, ya rasu ranar 31 ga Maris yana da shekara 68. Mu ma da mu aka riƙe ƙasar nan. Sai in rufe taga in koma ɗaki in yi buɗa-baki ni kaɗai da dabino da shayi, azumin awa goma sha bakwai, masallatai a kulle.

A cikin azumin nan ne Kano ta rikice. Kullum Yaya sai ya turo min sanarwar rasuwa, malamai da farfesoshi da 'yan kasuwa, masu haƙa kabari a Dandolo suna cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Ana ta cewa zazzaɓi ne, zafi ne, dama mai suga ne, dama mai hawan jini ne. Ni kuwa da na ji "dama mai suga ne" sai in ga gadajen ɗakinmu. Daga baya ministan lafiyar Najeriya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 aka ƙirga, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. A nan ma lissafin ya fito: kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu a asibitocin Ingila masu suga ne, kuma rahoton gwamnati na watan Yuni ya ce wanda ya kai tamanin ya ninka ɗan ƙasa da arba'in sau saba'in wajen haɗarin mutuwa.

Baba a lokacin shekararsa 71, shekara goma sha biyu yana shan maganin suga, kuma ba a jana'iza a unguwa ba shi a sahun gaba. Na yi kuka a waya na ce, "Baba, don girman Allah ka zauna a gida." Ya ce, "Uwata, wanda na yi shekara hamsin muna sallah tare, in ƙi raka shi?" Ba ni da amsa. Na tura wa Yaya kuɗi ya nemo ma'aunin iska da ake maƙalawa a yatsa, na ce in ya ga ƙasa da 92 kada ya tsaya shawara da kowa, ko Baba ya ce da sauƙi. A Disambar shekarar wani bincike daga Jami'ar Michigan ya nuna na'urar kan ƙara wa mai baƙar fata maki, ta ɓoye ƙarancin iska kusan sau uku fiye da yadda take yi wa farar fata. Ranar na rasa inda zan sa kaina. Da aka sanar a watan Yuni cewa maganin dexamethasone yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'ura da kashi ɗaya cikin uku, sai da na yi faɗa da Umma don ta aika a sayo a kemis. Maganin na wanda ke buƙatar oksijin ne a hannun likita, kuma yana hau da suga.

Allah ya tsallakar da Baba. Abokansa uku na majalisa ba su ga ƙaramar sallah ba. Tun lokacin na samo dabara: in na ji muryarsa ba daidai ba sai in ce ya karanta min Tabaraka in ji daɗi, ni kuwa ina saurare in ji aya nawa yake kaiwa kafin ya ja numfashi. Ina zaton ya gane, amma bai taɓa cewa komai ba.

Yau da safe na sake kira. Ya karanta, ya tsaya sau biyu a inda ba ya tsayawa. Na ce Yaya ya kai shi a duba ƙirjinsa kafin azahar, kuma ya kira ni ina jin abin da likita zai ce da kunnena. Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya, ina da aikin dare, wayar tana kan cinyata.