Daga Damagaram zuwa Daura: yadda na koyar da yarana a gida da kan titi

Daga Damagaram zuwa Daura ba wata doguwar tafiya ba ce. In ka yi sammako ka bi ta Matamaye, ka ƙetare iyaka a Kwangwalam, da wuya azahar ta same ka a hanya. Hausarmu da ta Daurawa kusan ɗaya ce, furar ɗaya ce, tuwon geron ma haka. Shi ya sa 'yan'uwana suke dariya in na ce musu ina zaman ƙasar waje. Ni kuwa nakan ce su ɗauko yaro daga makarantar Nijar su kawo shi ta Najeriya, a ranar za su san cewa akwai iyaka.

Maigidana wake da aya yake sarowa daga kasuwannin Nijar yana kawowa nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe iyaka, abin ya rutsa da shi a wannan ɓangaren, mu muna can. Dama ya ɗanɗana rufewar 2019 wadda ta kai har Disambar 2020. Da aka buɗe a watan Maris na 2024 sai ya ce ba za a sake kulle ƙofa tsakaninsa da iyalinsa ba. Ya kama haya a Daura, na ajiye aikina na koyarwa a firamare, muka taso da damina.

Babbar 'yata tana da shekara bakwai a lokacin, ta gama CP, wato aji na biyu a tsarinmu, tana karanta Faransanci daidai gwargwado. Na tsakiya namiji ne mai shekara biyar, sai auta da ake goyo. Mun kai yarinyar wata makaranta mai zaman kanta, aka yi mata gwaji da Turanci, ta yi tsuru-tsuru, aka ce sai dai ta koma aji ɗaya. Ban ga laifinsu ba, da ni ce ma abin da zan yi ke nan. Amma na san abin da ke kan yarinyar nan, na kuma san yadda zuciyar yaro take mutuwa in aka zaunar da shi cikin waɗanda ke koyon riƙe fensir. Na roƙi maigida ya ba ni shekara guda in riƙe su a gida.

Zaman tabarma ba ya ɗaukar mu lokaci mai tsawo. Bayan karin kumallo mukan yi karatu da rubutu da Hausa, domin da harshen da yaro yake mafarki da shi ya fi saurin gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa. Turanci kuwa ni ma ɗaliba ce: da dare nake koya a waya, wata 'yar maƙwabta da ke kwalejin ilimi tana zuwa tana gyara mana baki. Da la'asar su tafi Islamiyya, inda suka tarar ana karatu da Hafs alhali a makarantar allonsu ta gida Warshu suka fara da shi. Sauran karatun duk a waje muke yin sa, kuma asalinsa ba dabara ba ce, gidan hayar ne ƙarami, yara uku ba sa zama a cikinsa lafiya.

Kasuwa ce ajinmu na farko. A Nijar da dala muke lissafin kuɗi, dala ɗaya tamma biyar, wato sefa biyar. Yaron da aka aika da dala ashirin ya san ƙarfen da aka rubuta wa 100 zai miƙa, don haka tun bai shiga aji ba ya iya ninka abu sau biyar ba tare da ya san sunan abin da yake yi ba. Ranar da na fara aiken yarinyar wajen mai ƙosai, aka ce mata hamsin, ta lissafa a ranta ta miƙa naira 250. Matar ta mayar mata da ɗari biyun tana dariya, ta ce, "'Yar nan, daga Faranshi kuke ko?" Daga nan na mayar da cefane darasi. Ita ke riƙe kuɗi, ita ke taya tumatir da tattasai, ita ke ƙirga canji kafin mu bar gaban mai kaya, in mun dawo ta rubuta abin da aka kashe. Na tsakiya kuwa babban ƙorafinsa a ƙasar nan shi ne babu kuɗin ƙarfe, ya rasa abin da zai riƙa kaɗawa a aljihu.

Takardun nairar ma sun ba mu aikin da ban tsara ba. Sefa ba ta da fuskar kowa, naira kuwa kowace takarda da mutuminta. Yaran suka dame ni da tambaya, ni kuma tarihin da na karanta na su Diori Hamani ne da Seyni Kountché. Tare muka koya: mai rawani a jikin 200 Sardauna ne, Ahmadu Bello, na jikin 5 da yanzu sai an tona ake ganinta Tafawa Balewa ne, na 20 Murtala Muhammad, na 100 Awolowo, na 500 Azikiwe. Da muka ji cewa Sardauna da Tafawa Balewa duk a tsohuwar Kwalejin Katsina suka yi karatu, wadda aka buɗe a 1922 daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, sai yarinyar ta kafe sai ta ga makarantar da mutanen jikin kuɗi suka yi. Babansu ya kai mu wata ranar Asabar. Ginin ƙasa ne, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ta tsaya tana kallon ɗakunan, ta ce ai ajinsu na Damagaram ya fi wannan haske. Daga can muka wuce Hasumiyar Gobarau da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, inda na tsakiya bai kula da tarihin komai ba, tsayinta kawai yake awo da ido yana cewa ta fi rimi ko ba ta fi ba.

Rijiyar Kusugu kuwa mun mayar da ita wurin zuwa a kai a kai, tunda tana cikin gari. Labarin Bayajida da Daurama da macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a sun san shi tun daga bakin kakarsu, amma a matsayin tatsuniya. Ganin rijiyar a cikin ɗaki, da guga, ana jawo ruwa ana ba baƙi su sha, ya rikita musu lissafi. Na tsakiya ya leƙa ya leƙa yana neman macijiya. Yayarsa kuma tambayar da ta yi ta 'yan Damagaram ce zalla: in sau ɗaya ake ɗiba a mako, tulu nawa gida ɗaya yake buƙata? Duk wanda ya tashi a garinmu ya san ƙishin ruwa, ya san layin jarkoki da jiran mai kura. Muka dawo gida muka auna abin da muke sha da na girki da na wanka a yini, ta ninka sau bakwai, ta yanke hukunci cewa mutanen wancan zamanin ba sa wanka kullum. Ban musa mata ba.

A ƙofar fada wani dattijo da ke zama a inuwa ya saba da mu. Yaran na durƙusawa su gaida shi, "Baba ina wuni," shi kuma yana kiransu jikokin Tanimu, sarkin Damagaram da ya yi suna da bindigogi. Shi ya ba mu labarin da ban taɓa ji a makaranta ba, cewa bayan jihadi sarakunan Haɓe na Daura sun koma Zango da Baure, suka zauna cikin inuwar Damagaram, sai a 1906 Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. Lokacin Sallar Gani shi ya nuna mana inda za mu tsaya yara su ga hawa ba tare da dawaki sun tattake su ba.

Ranar Lahadi in babansu zai shiga kasuwar Mai'adua yakan tafi da manyan biyun. Can suke ganin raƙuma da shanu da ragunan uda da balami da aka koro daga wajenmu, suna jin Hausar gida a bakin masu su. Wani dillali ya koya wa yaron buɗe bakin rago ya duba haƙora ya faɗi shekarunsa, har yau duk akuyar da ta shigo hannunsa sai ta sha wannan wulaƙanci. Yarinyar kuma wajen 'yan canji take maƙalewa, tana kallon yadda ake juya naira zuwa sefa. Rabawa da ta ƙi shiga kanta a kan tabarma a can ta shiga. Sai aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Daura, wanda muke tsayawa daga nesa mu kalli katafila na tura ƙasa. Tambayar yaron kullum ɗaya ce, me ya sa jirgin zai je Maraɗi ba zai je Damagaram ba.

Abin da ya fi ba ni wuya bakin mutane ne. Matar aure baƙuwa, da goyo, da yara biyu a gefe, tana yawo da hantsi lokacin da 'ya'yan kowa suke aji. Wata Hajiya da muke katanga ɗaya ta kira ni ta ce, "'Yata, in kuɗin makaranta ne babu ki faɗa, ba a barin yara haka. Gobe talla za ki ɗora musu." Na ji zafi, amma na san daga inda maganar ta fito. A yankin da yara da yawa ba sa zuwa makaranta saboda talauci, wanda ya ga yaro a titi da safe ba zai kawo cewa darasi ake yi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. Ban yi gardama ba, na aika yarinyar da littafinta ta karanta mata shafi guda. Ba ta sauya ra'ayi ba, har yanzu tana ganin aji ya fi, sai dai ta fara haɗa ni da jikarta in za mu fita, wai kada a ce ina yawo ni kaɗai. Ta hanyar jikar nan aka fara gayyata ta suna da biki. Da na zauna a ɗaki ina jiran a zo a san ni, da har yau Hajiyar kaɗai na sani a unguwar.

Ba na ba kowa shawarar ya yi abin da na yi. Ni malama ce, na san matakin da ya kamata yaro ya kai a kowane wata, kuma maigida ya ɗauke min nauyin neman abinci. Duk da haka akwai makonnin da auta ya yi zazzaɓi ba mu buɗe littafi ba, akwai watannin zafi da fita ta gagara sai da yamma, kuma ba ma nisa da gari saboda halin tsaro da ake ciki a wasu sassan jihar. Yarinyar ta yi kewar ƙawayen aji sosai, wannan kuwa kasuwa ba ta maganinsa.

A watan Satumban 2025 na mayar da ita gwaji a wata makarantar, aka sa ta aji uku. Maigida ya ce wahalar shekara guda a kan ribar aji ɗaya ba ciniki ba ne. Ni na ce ya je ya ji yadda take yi wa malamin lissafi gardama. Faransancinta ina riƙe mata shi ranar Asabar, don ba mu san inda zama zai kai mu ba, ko da yake yanzu Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa tun 2025. Na tsakiya yana gida tukuna. Babansa yana so ya shiga aji a zango mai zuwa, ni ina so ya ƙara wata shida ya iya karatun Hausa sosai, kuma har yanzu ba mu daidaita ba.