Abin da Ɗakin Wanki Ya Nuna Mini Game da Masu Horar da 'Yan Ƙwallo

A Amurka kocin ƙungiyar ƙwallon jami'a babban mutum ne. A jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai shi albashi, har da gwamna. Ƙwallon da nake nufi ita ce irin tasu ta can, wadda ake rungumewa a ruga da gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano suna gware kamar ragunan layya. Filin Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa kaɗai yana cin mutum sama da 100,000, kuma duk ranar Asabar ta lokacin kaka sai ka ga gari ya watse an tafi kallo.

Ɗalibin da ya je karatu daga waje doka ta ba shi damar yin aiki a cikin makaranta na awa 20 a mako. Nawa rabon ya faɗo a ɗakin kayan wasa na wata ƙaramar jami'a: wankin riguna, goge huluna, jera takalma. Aikin babu daraja a idon mutane, amma wurin zama ne mai kyau ga mai son gane halin shugaba, domin babu wanda yake gyara fuska saboda mai wanki.

Kafin atisaye ana naɗe wa kowane ɗan wasa idon sawu da farin filasta. In an tashi sai su yanke shi da almakashi su watsar a ƙasa, ya jiƙe da gumi ya manne. Kocinmu bai taɓa tara su ya yi wa'azi a kan wannan ba. In ya shigo, yana cikin magana da wani, sai ya sunkuya ya ɗebe na gabansa ya jefa a kwandon shara, ya ci gaba da zancensa. Manyan 'yan wasa suka soma yi, sababbin shiga suka bi sahu. Ran da wani gwaninsu ya bar kayansa a zube ya fice, ɗan uwansa ne ya bi shi har bakin mota ya dawo da shi. Koci ma bai san an yi ba. Daga nan na daina auna shugaba da jawabin da yake yi kafin wasa, na koma duba abin da yaransa suke yi in ba ya wurin.

Da wannan idon na riƙa kallon manyan ƙungiyoyi, musamman Alabama a zamanin Nick Saban, wanda ya riƙe ta daga 2007 har ya yi ritaya a Janairun 2024. Ya ci kofin ƙasa sau 7, ɗaya a LSU (Jami'ar Jihar Luwiziyana), shida a Alabama. Yakan ba da labarin gidan man mahaifinsa a West Virginia, inda yake wanke motoci tun yana yaro: in uban ya ga ɗan zane ɗaya na ruwa a jikin mota, sai a sake wanketa tun daga farko. A wasan ƙarshe na Janairun 2013 da Notre Dame, Alabama tana gaba da maki 42 da 14, saura 'yan mintuna a tashi, kofi ya riga ya shiga hannu. Sai ga mai jefa ƙwallo AJ McCarron da mai miƙa masa ita, Barrett Jones, suna cacar baki a tsakiyar fili kan kuskuren tsari guda, har Jones ya hankaɗa shi. Aminai ne kuwa. 'Yan kallo dariya suka yi, ni dai wankin motar nan na hango ya kai har jikoki.

Amma darasin da ya fi zauna mini na Jalen Hurts ne. Ranar 8 ga Janairu, 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Atlanta, aka je hutun rabin lokaci Jami'ar Jojiya tana cin Alabama 13 da nema. Hurts shi ne mai jefa ƙwallo na Alabama, jagoran 'yan gaba, shekara biyu yana riƙe da wurin, wasa biyu kacal aka taɓa cinye shi. Saban ya zaunar da shi ya saka Tua Tagovailoa, yaro ɗan aji ɗaya daga Hawai, bahago, wanda bai taɓa fara wasa ba. Tua ya juya wasan, aka shiga ƙarin lokaci, ya jefa wa DeVonta Smith ƙwallo mai nisan yadi 41, aka tashi 26 da 23. Kowa yana yabon ƙarfin halin Saban, kuma ya cancanta. Ni kuwa idona yana kan benci. Duk lokacin da kyamara ta hasko Hurts, yana tsaye a bakin layi, ko yana raɗa wa Tua wani abu a kunne, ko yana murna da shi. Mutumin da aka ƙwace wa wuri a gaban miliyoyin mutane ke nan.

Wani zai ce tarbiyyar gida ce, ba aikin koci ba. Akwai gaskiya a ciki, mahaifinsa ma kocin makarantar sakandare ne a Texas. To amma a duba abin da ya biyo baya. A 2018 aka fito da sabuwar doka: ɗan wasa zai iya buga wasa huɗu ya janye ba tare da an lissafa masa shekarar cikin shekarun da aka ƙayyade masa na buga wa jami'a wasa ba. Kelly Bryant na Clemson ya bi wannan hanya da aka ba Trevor Lawrence wurinsa, kuma ban ga laifinsa ba, kowa da lissafinsa. Hurts ya zauna ya yi shekara guda a matsayin mai jiran ko-ta-kwana. Mutum ba ya yin haka a wurin da ake wulaƙanta wanda aka sauke. Saban ya ci gaba da saka shi a wasanni, yana kare shi a gaban 'yan jarida, kuma aka ci gaba da horar da shi kamar gobe za a neme shi.

Aka kuwa neme shi. Ranar 1 ga Disamba, 2018, fili ɗaya, abokan karawa ɗaya, a wasan ƙarshe na SEC, gasar jami'o'in yankin kudu maso gabas. Jojiya tana gaba 28 da 21 Tua ya ji rauni a idon sawu. Hurts ya shigo ya jefa wa Jerry Jeudy ƙwallon da ta farke, sannan ya ruga da ƙafarsa yadi 15 ya ci ta nasara, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Saban, wanda aka sani da ɗaure fuska, muryarsa rawa take yi sa'ad da aka tambaye shi a kan yaron.

Kada a ɗauka duk abin da Saban ya yi abin koyi ne. A 2016 ya wanke mataimakinsa Lane Kiffin tas a bakin layi, duniya tana kallo, alhali sun yi wa Western Kentucky nisa. Magoya baya sun ce tsare ma'auni ne. Ni ban yarda ba. Tsawar da mai kofuna zai yi a haɗiye, in ƙaramin manaja ya kwaikwaya, ma'aikata guduwa za su yi. Na fi jin daɗin salon Eddie Robinson na Grambling, jami'ar baƙar fata a Luwiziyana, wanda ya fara a 1941 ya sauka a 1997 da nasara 408. Shi yake zana layukan fili da hannunsa a farkon zamaninsa, ya haɗa wa yara abincin tafiya saboda gidajen abincin farar fata ba sa karɓarsu, da asuba kuma ya bi ɗakunan kwana yana kaɗa ƙararrawa don kada a makara aji.

Yanzu da nake da mutane a ƙarƙashina, in za a canza mai riƙe da wani aiki, nakan fara zama da wanda za a sauke kafin wanda za a ɗaga, in gaya masa dalili baki da baki, in kuma bar masa wani abu na gaske a hannu. Wasu sukan tafi duk da haka. Hurts ma tafiya ya yi: ya kammala digirinsa a Alabama, ya koma Oklahoma a 2019, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar, sannan a Fabrairun 2025 ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararru, tare da ƙungiyarsa Philadelphia Eagles, aka zaɓe shi gwanin wasan. Cikin waɗanda ya jefa wa ƙwallo suka ci maki a daren har da DeVonta Smith.