Nauyin Hannu: Inda Na Kai da Buhun Naushi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon damben zamani. Tun shigowar hunturu na rage gudun asuba saboda ƙura, na mayar da ƙarfina kan buhu. Abu ɗaya na sa a gaba: naushin dama ya riƙa fita da nauyin jiki gaba ɗaya, ya daina dogara da damtse kaɗai. Alhamdu lillahi an samu ci gaba. A da in na kai wa buhu naushi sai ya yi lilo, ya tafi ya dawo. Yanzu lanƙwashewa yake yi a tsakiya, ya ba da ƙara gajeriya, ba ya nisa. Kocinmu ya ce alamar da ake nema ke nan, domin buhun da yake lilo tura shi aka yi.

Rabin wannan ci gaba a waya na same shi. Kun san musun da ba ya ƙarewa in an tashi daga atisaye, ko a bakin filin wasa na Ahmadu Bello ko a dandalin Murtala: wa ya fi kowa nauyin hannu a ajin masu nauyi? Matasanmu Deontay Wilder suke kira, 'yan shekara arba'in Tyson, dattawan da suka saurari karawar Kinshasa ta 1974 tsakanin Muhammad Ali da George Foreman a rediyo kuma ba sa yarda a ambaci kowa kafin Foreman. Sai na ɗauki musun da gaske. Na riƙa nemo tsoffin karawa a YouTube, ina rage gudun bidiyon, ina kallon ƙafafu da ƙugu maimakon fuska.

Farkon abin da ya fito fili shi ne lissafin waɗanda mutum ya sumar ba zai raba gardamar ba. Rocky Marciano ya yi karawa 49 ba a taɓa doke shi ba, 43 daga ciki ba su kai ƙarshe ba. Amma nauyinsa wajen kilo 85 ne kawai, wanda a dokar yau ma bai shiga ajin masu nauyi ba, tunda ajin da ke ƙasa da shi ya kai kusan kilo 91. Lennox Lewis kuwa da wajen kilo 110 yake shiga fage. Safar hannu ma ta sauya: na zamanin Joe Louis sun fi ƙanƙanta, yau kuwa mai nauyin oza 10 ake sawa (oza ita ce ma'aunin nauyin safa). A da turmi 15 ake yi a karawar kambu, sai bayan rasuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Alƙalan wasa na yanzu sun fi saurin tsayar da karawa. A 1919 Jack Dempsey ya kayar da Jess Willard sau bakwai a turmin farko kaɗai, kuma aka bar wasan ya ci gaba, har ma an bar Dempsey ya tsaya a kansa yana jiran ya miƙe. Yau babu alƙalin da zai yarda da haka. To da wane mudu za a auna su?

Mudun da na fi yarda da shi shi ne bakin wanda ya sha naushin. Larry Holmes ya kara da Earnie Shavers, ya kuma kara da Mike Tyson, kuma ya sha faɗa cewa babu wanda ya taɓa naushinsa kamar Shavers. Muhammad Ali, wanda ya ɗanɗani hannun Liston da Frazier da Foreman, shi ma Shavers ya ambata bayan karawarsu ta 1977. Ku nemo turmi na 7 na karawar Holmes da Shavers ta 1979. Naushin dama ɗaya ne, Holmes ya zube kamar ba zai sake tashi ba. Ya tashi, ya kuma yi nasara a turmi na 11. Shavers bai taɓa ɗaukar kambun duniya ba, shi ya sa yawancin yaranmu ba su san sunansa ba, abin kuma yana damuna. Akwai wani ma'aunin: Ken Norton ya yi karawa uku da Ali, bai faɗi ko sau ɗaya ba, har ya karya wa Ali muƙamuƙi a 1973. Wannan Norton ɗin Foreman ya gama da shi a turmi na 2 a 1974, Shavers kuma a turmin farko a 1979.

Da na daɗe ina kallo sai na lura ƙarfin ma ba iri ɗaya ba ne.

Na Foreman nauyi ne tsantsa. A Kingston ta Jamaika, a watan Janairun 1973, ya kayar da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu, ɗaya daga cikin naushin har sai da ya ɗaga ƙafafun Frazier daga ƙasa. In ka rage gudun bidiyon ba za ka ga wani sauri na azo a gani ba. Hannun yana zuwa a buɗe, daga nesa, amma duk inda ya sauka, ko a kafaɗa ko a damtse, sai mutum ya gusa. Yana tuna min da mai faskare da ya ƙware, wanda ba ya yaƙi da icen, sai dai ya ɗaga gatari ya bar nauyinsa ya faɗa. Sonny Liston ma haka yake, shi da naushin hagunsa na gaba kaɗai yana iya rikita mutum, kuma sau biyu ya gama da Floyd Patterson a turmin farko, a 1962 da 1963. Irin wannan hannu baiwa ce daga Allah, ƙashi ne da faɗin kafaɗa. Ba na jin atisaye zai ba wa wanda ba a halitta da shi ba.

Amma Foreman na biyu, wanda ya dawo bayan ya yi shekara goma ba ya dambe, ya fi koya min abu. A watan Nuwamban 1994, yana da shekara 45, Michael Moorer yana gabansa da maki har zuwa turmi na 10. Sai ya miƙa hagu, ya biyo da dama gajeriya a kan haɓa. Naushin bai yi kama da wani abu ba, ko kafaɗarsa bai ja baya ba. Moorer ya kasa tashi. Na maimaita wurin nan har na haddace shi, kuma abin da na gani shi ne ƙafarsa ta gaba ta riga ta kafu, nauyinsa ya riga ya zubo a kanta, hannun kawai ya isar da saƙon.

Tyson kowa ya san shi, ba sai na tsawaita ba. Gajere ne a ajinsa, don haka yakan duƙa, ya kauce, ya taso da cinyoyinsa, naushi biyu ko uku su sauka kafin abokin karawa ya gane na farko. A 1986, yana ɗan shekara 20, naushin hagu ɗaya ya sa Trevor Berbick ya faɗi, ya yunƙura ya sake faɗuwa, ya kuma yunƙura ya ƙara faɗuwa. Michael Spinks daƙiƙa 91 ya yi a gabansa a 1988. Masu kwaikwayonsa a cikinmu suna ɗaukar hucin su bar duƙawar, alhali a duƙawar nan ƙarfin yake.

Deontay Wilder shi ne ya fi ba ni mamaki. Dogo ne siriri, ƙafafunsa ba su da kauri, tsayuwarsa ma wani lokaci koci zai yi maka faɗa in ka yi irinta. A karawarsa ta farko da Tyson Fury a 2018 nauyinsa kilo 96 ne, Fury ya fi shi da kusan kilo 20, amma sau biyu ya kai shi ƙasa. A 2019 Luis Ortiz yana gaba a takardun alƙalai duka uku, dama ɗaya a turmi na 7 ta rufe zancen. Tsawon hannunsa ne yake ba naushin filin ɗaukar gudu kafin ya sauka. Mu da muka taso muna kallon damben gargajiya wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: hannu ɗaya yana auna tazara, ɗaya yana can baya yana jiran kisa. Sai dai shi ma Fury ya tashi, kamar yadda Holmes ya tashi, kuma a karawa biyun da suka biyo baya shi ya doke Wilder. Namu na gida ma ya ga haka. Samuel Peter ya kayar da Wladimir Klitschko sau uku a 2005, duk da haka ya sha kaye da maki, kodayake daga baya ya ɗauki kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a 2008.

In kun matsa min sai na faɗi ra'ayina, naushi ɗaya tilo na ba Shavers, nauyin da ba ya ƙarewa daga ƙararrawar farko zuwa ta ƙarshe kuma na ba Foreman. Amma wanda na mayar malamina Joe Louis ne, kuma shi nake roƙonku ku zauna ku kalla, ko da hoton baƙi da fari ne yana rawa.

Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Nauyinsa wajen kilo 90 ne kawai. Abin da ya bambanta shi, naushinsa ba ya yin doguwar tafiya. Ba ya ja da baya ya ɗauko, ba ya ɗaga gwiwar hannu ya sanar da kai. Yana matsowa da gajerun taku, ƙafafunsa kullum suna ƙarƙashinsa, in tazara ta yi daidai sai dunduniyar baya ta juya, ƙugu ya bi, kafaɗa ta bi, hannu ya zo a ƙarshe. Ku duba karawarsa ta biyu da Max Schmeling na Jamus a 1938, wadda ba ta kai ƙarshen turmin farko ba. Bayan kowane naushi yana nan a tsaye daram, a shirye da na gaba. Ku kuma duba ta farko, ta 1936, wadda Schmeling ya ci a turmi na 12 domin ya lura Louis yana sauke hannun hagu bayan ya miƙa shi. Karawa biyun nan tare sun ishi mai koyo karatun wata guda.

Dalilin da ya sa gajeren naushi yake sumarwa ba ɓoyayye ba ne. Abin da ke ɗauke wa mutum hayyaci shi ne juyawar kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai. Naushin da ya sauka a ƙarshen haɓa ya fi juya kan, wanda kuma ba a ga zuwansa ba ya fi illa, domin wuya bai samu damar ƙanƙamewa ba. Haka Marciano ya yi wa Jersey Joe Walcott a turmi na 13 a 1952, yana baya da maki. Sanin wannan ya ƙara min tsoron abin, kuma ina so ya ƙara muku. Don Allah in muna gwaji da juna, a sa safar oza 16, a sa robar baki, kada a saki hannu a kai. Ƙarfin a bar wa buhu. Wanda duk ya ji jiri ko ciwon kai bayan gwaji ya ajiye safa ya je asibiti, ba jarumta ba ce a dawo washegari.

Ga yadda atisayena yake yanzu. Kafin in taɓa buhu nakan tsaya gaban madubi, hannuwa a haɓa, in yi ta juya dunduniya da ƙugu ba tare da na miƙa hannu ba, har sai na ji nauyi yana tashi daga ƙafar baya yana sauka a ta gaba. Sannan in matso kusa da buhu sosai, tazarar da ba ta wuce tsawon tafin hannu biyu ba, in riƙa sakin dama daga nan. A wannan kusancin damtse ba shi da abin da zai yi maka, dole ƙugu ya yi aikin. Hannu a sake yake tafiya, sai dab da sauka nake dunƙule shi, in fitar da numfashi, in dawo da shi haɓa ta hanyar da ya bi. Dawowar nan ita Koci ya fi sa wa ido, yakan ce, "Kai yaro, Schmeling yana kallonka." Turmi na minti uku nake yi da hutun minti ɗaya, kuma da zarar na ji kafaɗa ta fara ɗagawa saboda gajiya nake tsayawa, domin daga nan abin da jiki zai haddace ba daidai ba ne.

Wata shawara ga masu haɗa buhu a gida, tunda na kanti ya yi tsada: kada ku cika shi da yashi zalla. Yashi yana taruwa a ƙasa ya daskare, ya ji wa wuyan hannu da ƙananan ƙasusuwan bayan hannu ciwo. Tsummokara daga wajen tela ake dannawa a ciki, in ana son ƙarin nauyi a ɗaure yashi kaɗan a leda a binne shi a tsakiya. Ƙarfen ratayewa kuwa kowane mai walda a Panteka zai haɗa maka. Kuma kada a naushi buhu ba bandeji, ko da na minti ɗaya ne.

Abin da ya rage min shi ne hagu. Naushin gefe nawa har yanzu yana buɗewa, gwiwar hannu tana faɗuwa ƙasa kafin ya isa. Don haka in Allah ya kai mu wata mai zuwa Joe Frazier zan zauna da shi, musamman turmi na 15 na karawarsa da Ali a watan Maris na 1971, inda hagu ɗaya ta kai Ali ƙasa. Ina so in gane ko daga duƙawa yake ɗauko ta ko daga takun ƙafar gaba. Wanda ya riga ni gyara tasa hagun, in mun haɗu ranar Asabar ya riƙe min fad, wato matashin hannun da ake tarar naushi da shi, ya nuna min.