Adon bikin kaka da gero, faifai da ƙwarya: ga inda na kwana

'Yan uwana masu koyon aikin hannu, barkanmu da war haka. Tun da aka sa ranar auren ƙanwata a ƙarshen Nuwamba na ɗauki alkawarin ni zan ƙawata wurin kamu da hannuna, ba za a ɗauko masu adon haya ba. A tsakar gidanmu za a yi kamun, mata zalla, kuma tunda bikin kaka ne na ce abin da kaka ta kawo shi zai zama ado. Yau saura kwana 19.

Gero ne ya fi ba ni wahala, don haka da shi zan fara. Kawu ya aiko mini da dami biyu daga ƙauye a farkon Oktoba. Niyyata in kafa sabuwar tabarma a bayan kujerar amarya, in jera zangarniyoyi a kanta su yi da'ira, kawunansu na kallon waje. Ranar farko na zauna da riga mai gajeren hannu na kwance dami ɗaya a cinyata. Wadda ta taɓa sussuka ta san abin da ya biyo baya. Ƙaiƙayi ya hana ni barci, wanka biyu bai raba ni da shi ba. Yanzu sai da doguwar riga da takunkumi nake taɓa shi, a waje, kuma ina juya wa iska baya.

Kuskure na biyu, na jingine damin a ɗaki ban shanya ba. Bayan mako guda na ga gari-gari a ƙasa da ƙananan ƙwari suna yawo. Na fitar da shi rana kwana huɗu a kan rufin shago, inda kaji ba sa kaiwa (tattabarun maƙwabta dai sun ci rabonsu). Da ya bushe ƙayau na zaɓi zangarniyoyi 80 masu matsattsen ido, na zuba su a buhun nan mai ninki uku da ake adana wake, na ɗaure kowane ninki daban. Ƙwaro ba ya rayuwa a ciki saboda iska ba ta shiga, kuma ba sai an sa magani ba. Maganar magani ce ta dame ni, domin yara za su yi ta taɓa adon.

Sai maganar zubar ƙwaya. Na dama farin gam na kafintoci da ruwa na shafe guda goma da buroshi, suka yi kyau, ko ɗaya ba ta zuba. Ina cikin murna Hajiya ta leƙo ta tsaya a kaina.

"Wannan fa hatsi ne, 'yar nan. Bayan biki ina za ki kai shi?"

Na ce a zubar mana. Ba ta ce komai ba, ta dai dube ni, ta wuce. Daren nan na ajiye gam. Gaskiya ta fi ni, domin wanda aka shafa wa gam ko akuya ba za a ba ba. Sauran 70 ɗin da baƙin zare da basilla nake ɗaure su a jikin tabarma, ɗauri biyu kowace, ɗaya a wuya ɗaya a tsakiya. Aikin ya ninka, amma ranar da aka gama biki reza kawai za a sa, geron ya koma turmi. Idan kin zaɓi masu matsattsen ido kuma ba ki yawan jijjiga su, abin da ke zuba kaɗan ne. Guda goman da na riga na ɓata za su tafi can sama inda hannu ba ya kaiwa.

Dawa kuwa ba a kai ga yankanta ba, kun san tana bayan gero nesa. Kawu ya ce zai tsinko mini kaura da farfara mako mai zuwa. Ina son ruwan ɗorawar kaura a tsakiyar da'irar.

Faifai. A nan na yi wa kaina ƙarya. Na rubuta a takarda zan saƙa 30 da kaina, ni da ban taɓa gama ko ɗaya ba. Gwaggo ce ke koya mini, kuma a mako uku guda huɗu na yi, na farkon ma ya lanƙwashe kamar hula saboda ina jan kaba da ƙarfi a wani gefe, ina sakinta a wani. Ta ce hannu ne, sai ya saba. Abin da na kama daga wurinta: a jiƙa kabar kafin a fara, kuma tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa, a naɗe wadda ba a kai gare ta ba a cikin jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba tana karyewa a bakin basilla. Na sauke girman kai na je Kasuwar Kurmi na sayo 20 farare marasa zane. Nawa huɗun za su zauna kusa da amarya, ko ba su kai na kasuwa kyau ba.

Rinin kabar da nake yi wa fararen baki ya fi saƙar daɗi. Na fara gwada zoɓo don na ga jansa a kofi. Kada ku ɓata lokacinku: da ya bushe ya koma wani dusasshen launi, kwana biyu a rana ya gudu. Karan dafi shi ne gaskiya, wanda dukawa ke rina jar fata da shi. Na tafasa shi da ɗan kanwa, na tsoma kabar ta kwana a ciki, ta fito ja mai duhu kamar goro. Gangamau ya ba ni ruwan ɗorawa, sai dai shi ma ba ya son rana, a inuwa nake ajiye shi. Kore kam galura na saya. Ƙyallen da zai sauko gefe da gefen tabarmar, yadi shida na farin auduga, na kai marinar Ƙofar Mata aka tsoma mini a baba. Shuɗin da jan karan dafi sun karɓi juna fiye da yadda na zata.

Ƙore 12 na saya don fitilu, saura tara. Biyu ni na fasa, don na ɗauki ƙusa da guduma zan huda su. Ta ukun da tsagarta aka sayar mini, an shafe wurin da farar ƙasa, ban lura ba sai da na wanke. Ku riƙa ƙwanƙwasa ƙwarya da yatsa kafin ku biya, mai tsaga muryarta a dushe take. Gwaggo ta ce a kai wa gyartai ya ɗinke, na ce ɗinki zai fito a haske, ta zama ta zuba dusa. Hanyar huda da ta yi mini aiki ita ce a zana da fensir, a sa basilla a garwashi ta yi ja, a huda a hankali daga waje. Ramin yana fitowa da baƙin gefe mai kyau. Ƙwarya ɗaya tana cin kusan awa biyu, kuma hayaƙin yana sa hawaye. Na gama biyar. Kyandir ba zai shiga cikinsu ba, ga busasshen gero ga mayafan mata. Ƙananan fitilu masu batir na sa, na gwada jiya da aka ɗauke wuta, zanen ya bazu a bango har Hajiya ta kira maƙwabciya ta zo ta gani.

Abin da ya rage: ƙore huɗu, bakin faifai 11, da dawar da nake jira. Abin da ban warware ba shi ne yadda tabarmar za ta tsaya. Da geron a jikinta ta yi nauyi, igiyar ramar da na ɗaura ta fara saki, kuma bangon na ƙasa ne, Baba ya hana a buga masa ƙusa. Ina tunanin gora biyu a cikin bokitan yashi, da ta uku a gicciye. Wadda ta taɓa tsayar da abu mai nauyi haka a tsakar gida, iska na kaɗawa, ta faɗa mini ko bokiti zai riƙe, kafin Asabar in sa a yanko gorar.