Asabar: kilomita 42 da ƙwayar suga a aljihu

Ƙafafuna na cikin bokitin ruwa nake latsa wannan a waya, don in na bari sai gobe rabin abin zai ɓace mini.

A Idi-Araba muka kwana jiya, gidan kawun ɗaya daga cikinmu, saboda ranar gudun fanfalaki na Legas tun da duhu ake rufe hanyoyi, wanda kuma ya ce daga Agege zai taso ya kama danfo, to a talabijin zai kalli tseren. Ƙarfe uku da rabi na tashi na huda yatsa don auna sugan jinina, da yake ina da ciwon suga: 142. Na sha shayi da burodi, na yi allurar insulin mai saurin aiki rabin abin da na saba, kamar yadda muka tsara da likitata. Insulin na janye suga daga jini, gudu ma na janye shi, in suka haɗu da ƙarfinsu a jiki ɗaya sai ɗaukar mutum. Shi ya sa nake ci awa uku kafin a tashi, allurar ta rage kaifi. Sauran maganin na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na bari a gindin randar gidan. Wanda ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8, wanda aka buɗe kuma yana yin kamar mako huɗu muddin zafi bai haura 30 ba. A garin nan, da yadda ake ɗauke wuta, randa ta fi firji riƙon amana.

Mu shida ne. Biyu ke da ciwon suga nau'i na ɗaya, ni da wani yaro ɗalibi da bai daɗe da gano nasa ba. Sauran huɗun lafiyarsu ƙalau: ƙanena, wani mai shayi daga Obalende, wani ɗan Mile 12 mai sayar da albasa, sai kyaftin ɗinmu, tsohon soja mai gadi a Ikoyi, wanda ba ya dariya sai an gama. Dokarsa ɗaya ce. Duk mai suga yana da ɗan rakiya da ke gudu kafaɗa da kafaɗa da shi, yana ɗauke da rabin guzurinsa, kuma in ɗan rakiya ya ce tsaya, an tsaya, babu musu. Da farko dokar ta yi mini zafi, ina ganin da gemuna za a haɗa ni da mai raino. Amma duk wanda suga ya taɓa faɗo masa ya san inda gizo ke saƙar: ƙwaƙwalwa da suga take aiki, idan ya yi ƙasa ita ce ke fara rikicewa, sai ka ga mutum yana tangaɗi yana rantsuwa lafiyarsa lau.

Mun yi asuba a kan kwalaye a gefen filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda ya karɓi wasannin Afirka a 1973. A sahu muka haɗu da 'yan Filato, aka gaisa da Hausa. Su ba sa'anninmu ba ne, a 'yan gida su ke cinye kyaututtukan, kamar yadda galibi 'yan Kenya da Habasha ke rabon na sama tun da aka fara gasar a 2016.

Ana saura kaɗan a tashi yaron nan ya gwada ya ga 221, bai ci komai ba. Idonsa ya raina fata, ya fara laluben allura. Na riƙe hannunsa. Fargabar tsere ce, ita ke sa hanta ta saki sugan da ta ajiye, kuma yana fara gudu zai sauko da kansa. In ka bi shi da allura a nan, a kan gada za ka biya. Da ya haura 250 ne sai mu duba fitsari ko akwai ketone, sinadarin da ke taruwa idan jiki ya rasa isasshen insulin, in akwai kuwa gudu ya faɗi a ranar. Nawa ma 198 ne. Kyaftin ya ce, "Ku mayar da kayan nan aljihu, a yi bismilla."

Ojuelegba, titin Ikorodu, Anthony, Gbagada, duk sun wuce ba labari. Kowane minti ashirin ina jefa dabino biyu a baki, lissafin dai a samu giram 30 zuwa 60 na suga a awa.

Sai gadar Third Mainland. Na hau ta a mota ba adadi, amma sai da ƙafa ake sanin kilomita 11.8 ba wasa ba ne. Tun 1990 aka buɗe ta, kuma ba domin mai tafiya a ƙasa aka yi ta ba: ba inuwa, ba mai talla, ba kwanar da za ka ce bari in kai can in huta. Ga jami'ar Legas a dama, can gaba ga Makoko, gidajen katako a tsaye kan ruwa, hayaƙin bandar kifi na tashi, yara a kwalekwale suna ɗago mana hannu. Rana ta fito, iskar kuma jiƙe take, zufa ba ta bushewa. Mu 'yan Arewa mun san zafi, amma namu busasshe ne. Zafi kuma na sa insulin ɗin da ke ƙarƙashin fata ya shiga jini da sauri, don haka na ƙara ƙwayar suga biyu ban jira lokaci ba.

A Ikoyi abin ya same ni, wajen titin Bourdillon. Ni dai ban ji komai ba. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, tsaya." Na ce masa me? Ya ce sau biyu yana yi mini magana ban amsa ba, kuma ƙafata ta hagu ta fara jan ƙasa. Na nuna masa waya, na'urar da ke manne a damtsena na cewa 88. Bai ko kalla ba, ya ciro ta yatsa ya huda ni: 61. Ta damtse ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, ba jini ba, idan suga na gangarowa da gudu takan makara da minti goma ko fiye. Ƙasa da 70 kuwa an shiga haɗari. Sai a lokacin na ji leɓena ya yi nauyi, zufar ta koma sanyi. Ya zuba mini ƙwayar suga huɗu a tafi, giram 15 ke nan da ɗoriya, ya duba agogo, muka koma tafiya. Minti goma sha biyar ake jira a sake gwadawa, kuma babu minti goma sha biyar mai tsawo irin wanda mutane ke wuce ka a cikinsa.

Muna cikin haka wani dattijo ɗan canji da ya fito kallo ya ji muna Hausa ya matso. Da ƙanena ya yi masa bayani sai ya riƙe baki: "Yaro, ciwon suga gare ka kake shan suga? Ka nemi garahuni da shuwaka, wata ɗaya ka yar da allurar nan." Na ce, "Na gode, Baba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganar nan ta kai yara da yawa gadon asibiti. Ciwon da ya sani shi ne nau'i na biyu, na manya, inda jiki ke da insulin amma ba ya jin maganarsa. Namu garkuwar jiki ce ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin gaba ɗaya. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, wanda wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa. Babu ganyen da ke maye gurbinsa, in da akwai da mu muka fara sani, mu da ke sayen allura da kuɗin guminmu.

Gwaji na biyu 97. Na ƙara dabino, muka ci gaba a hankali, muka haye gadar da ta haɗa Ikoyi da Lekki inda muke atisaye ran Asabar, nan ƙafa ta gane gida. A Ozumba Mbadiwe muka tarar da sauran huɗun suna tafiyar hawainiya suna jiranmu. Mai albasa ya so ya karya lokacinsa na bara, ya haƙura, kuma bai fasa yi mini gori ba har muka shiga Eko Atlantic, inda da can ruwan Bar Beach ne. Tare muka taka layin, awa biyar da 'yan kai. Yaron nan sugansa bai sauka ƙasa da 100 ba duk tsawon hanyar, yana ta nuna wa kowa waya.

Saura aikin dare. Naman jiki zai kwana yana zuƙar suga daga jini don ya mayar da abin da ya ƙone, shi ya sa faɗuwar cikin barci ta fi ta kan titi ban tsoro. Na ci tuwon shinkafa da miyar kuka, na rage allurar dare yadda likita ta ce, na ajiye lemon kwalba a bakin katifa, na saita waya ƙarfe biyu. Na tura wa yaron saƙo shi ma ya yi haka, ƙanena kuma a ɗakina zai kwana.

Inna ta kira daga Zariya, ba ta tambayi lambar yabo ba, abincin da na ci ta tambaya. Na lissafa mata, ta ce a ba ta ƙanena ta ji daga bakinsa.